Kafin a Ƙara wa Injin Turbo Wuta

A ƙarƙashin sitiyarin motocin zamani akwai wani ɗan soket mai ramuka 16, wanda aka tanada domin bakanike ya jona na'ura ya karanta abin da ke damun injin. Amurka ce ta fara wajabta shi a 1996, Turai ta biyo baya a 2001. Yau ta wannan soket ɗin ake gudanar da wata sana'a da ta samu gindin zama a Legas da Abuja, labarinta kuma ya iso wa matasan Kano da Kaduna ta wayar hannu. Mai gyara zai zauna a kujerar direba da kwamfuta a cinya, ya goge umarnin da kamfani ya rubuta a ƙwaƙwalwar motar, wadda kanikawa ke kira biren bos, ya zuba wani sabo. Ba a kwance noti ko ɗaya ba, hannu bai taɓa baƙin mai ba, amma kafin awa guda motar ta zama wata daban. Da an taɓa totur sai ta yi tsalle.

Abin yana da ban sha'awa, kuma ba ƙarya ba ne. Golf GTI ƙirar 2013 ta fito daga kamfanin Volkswagen da ƙarfin dawaki 220 a injin mai lita 2. Da sauya umarnin kwamfuta kaɗai, masu wannan sana'a a Turai da Amurka suna kai ta kusa da 300. Suna kuma da hujjar da suke kafawa. Sukan ce a dubi Marsandi ƙirar 2014 zuwa 2018: C200 tana da dawaki 184, C250 tana da 211, C300 tana da 245, alhali dukansu injin mai lita 2 ne daga gida ɗaya. A ganinsu kamfani ne ya danne ƙarfin da gangan domin ya sayar da babbar da tsada, su kuwa buɗe abin da aka kulle kawai suke yi.

Akwai gaskiya a maganar, sai dai rabinta ce. Injiniyoyin da suka tsara injin sun bar rara, wato tazara tsakanin abin da injin ke yi kullum da abin da zai karya shi. Sun bar ta ne saboda ranar da za a sha fetur marar kyau, da ranar da za a maƙale a cunkoso da tsakar rana, da direban da zai wuce lokacin juyen mai da wata biyu, da shekara ta goma ta rayuwar motar. Mai ƙara wa injin ƙarfi wannan rarar yake ci. A ƙasar da zafi da ƙura da yanayin fetur suka riga suka cinye kaso mai yawa daga cikinta, abin da ya rage bai kai yadda hotunan bidiyon ƙasashen waje ke nunawa ba. Wanda bai san wannan lissafi ba bai kamata ya bari a taɓa masa mota ba.

Aikin turbo aikin zugazugin maƙeri ne: a ƙara wa wuta iska, ta ƙara ci. Hayaƙin da ke fita daga injin yana juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗaya ƙarshen sandar, wadda ke danna iska cikin silinda. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar tun 1905. Idan turbo ya ƙara matsin iska da bar ɗaya, injin na shaƙar kusan ninkin abin da zai shaƙa da kansa, sai a ninka masa fetur, ƙarfi ya ƙaru. A ƙananan motoci farfelar kan yi juyi fiye da 200,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke bugunta kuma yakan kusanci digiri 1,000 na zafi. Wanda ya taɓa buɗe bonet da dare bayan an gurji mota a hanya zai iya ganin gidan turbon ya yi jawur kamar garwashi. Kowane maƙeri kuwa ya san zugar da ke tausasa ƙarfe ita ce ke narkar da shi idan ta wuce kima.

Babban abokin gabar irin wannan injin shi ne ƙwanƙwasa. A ƙa'ida fulogi ne ke kunna wuta, ta bazu a cikin silinda a tsanake, ta tura fistan ƙasa. Amma iskar da aka matse tana zafi, kuma idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar fetur ɗin da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa. Fashewar tana dukan kan fistan, tana ba da wata 'yar ƙara siririya wadda sau da yawa direba ba ya ji, musamman idan gilashi na rufe, kiɗa na tashi. Sakamakon yana bayyana ne a kan teburin bakanike. Za a ga fistan da ɗan gaɓar da ke tsakanin ringi na farko da na biyu ya tsage ya ɓalle, samansa ya yi tsaga-tsaga kamar an yayyafa masa yashi mai zafi, a bakin fulogi kuma ga ƙananan ɗige-ɗige masu ƙyalli, waɗanda ba komai ba ne illa narkakken jikin fistan ɗin. Kafin a kai nan, mota takan fara shan baƙin mai, ta riƙa fitar da shuɗin hayaƙi, mai ita yana cewa ai ƙaramin abu ne. Wata rana a kan hanyar Zariya sai a ji injin ya buga.

Wannan matsala ta girmi duk masu sana'ar yau. A 1962 kamfanin General Motors ya fito da Oldsmobile Jetfire, ɗaya daga cikin motocin farko masu turbo da aka sayar wa jama'a. Injinta na da saurin ƙwanƙwasa, don haka aka yi mata wani ƙaramin tanki na ruwa da sinadarin metanol da ake fesawa cikin iska domin a sanyaya ta. Masu motocin suka riƙa barin tankin ya ƙafe, ƙorafi ya yi yawa, a 1963 aka daina ƙera ta ba a kai guda 10,000 ba, daga baya ma kamfanin ya riƙa cire wa masu so turbon yana mayar musu da kabireta. Sai a farkon shekarun 1980 kamfanin Saab na Suwidin ya kawo maganin da ake amfani da shi har yau: sensa da ke manne a jikin injin tana sauraron ƙwanƙwasa, da ta ji sai kwamfuta ta rage matsin iska. Da wannan ne injin turbo ya zama abin da talaka zai iya hawa kullum ba tare da fargabar wane gidan mai ya shiga ba.

Abubuwa uku mai gyara yake taɓawa. Yana ƙara matsin iska, yana matso da lokacin da fulogi ke ba da wuta gaba, yana kuma sauya yawan fetur ɗin da ake haɗawa da iskar. A tafiya ta yau da kullum injin na ƙona kashi 14.7 na iska da kashi ɗaya na fetur. Idan aka taka sosai, kwamfuta kan ƙara fetur har haɗin ya sauko wajen 12 ko ƙasa da haka, saboda rarar fetur ɗin tana sanyaya cikin silinda. Rage wannan rarar yana ƙara ƙarfi, yana kuma ƙara zafi. Duk matakan uku suna matsar da injin kusa da bakin ƙwanƙwasa. Gwani yana matsawa a hankali yana auna kowane taki. Ɗan koyo yana sauko da fayil daga intanet ya zuba. Mafi muni shi ne wanda idan ya ga sensa tana yawan sa kwamfuta ja da baya, sai ya rage mata ji domin lambar da zai nuna wa mai mota ta yi kyau.

Babu shaidar da ta fi ta kamfanin Volkswagen kansa. Lokacin da ya so dawaki 300 daga wannan injin na GTI domin ya sa a Golf R, bai tsaya ga sauya umarnin kwamfuta ba. Ya sa turbo mafi girma, ya sauya fistan, ya sauya kan silinda da bawul ɗin fitar hayaƙi da mazauninsu da sifirin ɗinsu, ya sauya nozul, ya ɗan rage matsin cikin silinda, sannan ya raba ƙarfin ga tayoyi huɗu maimakon biyu. Kamfanin da ke ƙirga kowane kwabo a kan mota miliyoyi ba zai kashe wannan kuɗi a banza ba. Ya san dawaki 300 na yini ɗaya daban ne da dawaki 300 na kilomita 200,000. Shi ya sa dillalan Volkswagen da Audi ke da wata alama, TD1, da na'urarsu ke liƙa wa motar da aka gano an taɓa mata kwamfuta, daga nan kuma batun garanti a kan injin ya zama abin jayayya.

Matasa da yawa Toyota Supra ce ta ruɗe su, musamman tun da ta fito a wani fim ɗin tseren motoci na Amurka a 2001. Gaskiya ne injinta, 2JZ, da aka sayar a Amurka da dawaki 320 daga 1993, yana ɗaukar ninkin haka ba tare da an buɗe cikinsa ba. Dalili shi ne an zuba gangar jikinsa da baƙin ƙarfe mai kauri, an kuma yi shi da matsin silinda kaɗan, 8.5 kacal, a zamanin da kamfanonin Japan ke gina inji da rara mai yawa. Waɗanda ake gani da dawaki 1,000 kuwa an sauya musu turbo da famfon mai da nozul, galibi ma ba fetur ɗin gidan mai suke sha ba. Yawancin injinan yau na alminiyam ne, marasa nauyi, an matse su tun daga masana'anta domin su sha mai kaɗan su ba da ƙarfi mai yawa. Masu Subaru WRX STI sun san labarin tsagewar fistan ciki da bai. Injin N54 na BMW 335i, wanda masu gyara ke so ƙwarai, ko ba a taɓa shi ba sai da kamfanin ya janye motoci kusan 130,000 a Amurka a 2010 saboda famfon mai. Ƙara wa irin wannan famfo aiki bayan ya shekara goma sha biyar yana bautawa neman magana ne.

Masu tseren Formula 1 sun nuna iyakar abin tun da daɗewa. A 1986 injin BMW mai lita 1.5 ya haura dawaki 1,000 a zagayen neman gurbi. Zagaye kaɗan yake yi a sauke shi a ɗora wani. Su sun san abin da suke saye, kuma suna da kuɗin sayen sa.

Batun ya shafi ƙasar nan fiye da da, domin turbo ya daina zama na 'yan gayu kaɗai. Honda Accord ta 2018 ta ajiye injin V6 ta koma turbo mai lita 1.5 da lita 2. Land Cruiser ta 2021 ta ajiye V8 ta ɗauki V6 mai turbo biyu. Highlander ta 2023 ma ta bi sahu. Waɗannan su ne motocin Beljiyam na gobe da jibi, su za su cika kasuwannin mota, su kuma kanikawan Panteka da masu kayan gyara na Ƙofar Ruwa za su riƙa fama da su.

Ga kuma yanayin da za su tarar. Na farko fetur. Juriyar fetur ga ƙwanƙwasa ana auna ta da lambar okten. A Turai na gama-gari 95 ne, mai tsada 98, kuma yawancin fayilolin ƙarin ƙarfi a kan waɗannan aka rubuta su. A Najeriya galibin gidajen mai fetur iri ɗaya suke sayarwa, ba a rubuta lambarsa a jikin famfo, mafi ƙarancin da aka gindaya kuma bai kai 95 ba. Wanda ya sha a babban gidan mai yau, gobe tafiya ta kama shi ya sayi na jarka a bakin hanya. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai metanol fiye da kima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, motoci suka lalace, layuka suka dawo gidajen mai. Motar da ke kan umarnin kamfani tana da inda za ta ja da baya a irin wannan rana. Wadda aka matse har ƙarshe ba ta da shi.

Na biyu zafi. Daga Maris zuwa Mayu, Sakkwato da Maiduguri da Kano sukan wuce digiri 40. Na'urar da ke sanyaya iskar turbo, wadda ke zaune a gaban lagireto a motoci da yawa, da iskar waje take aiki, ba za ta iya sanyaya komai ƙasa da zafin iskar da ke ratsa ta ba. Fayil ɗin da aka gwada a Jamus a digiri 15 zai tarar da wata duniya daban a cunkoson Kano da azahar, ga na'urar sanyaya cikin mota a kunne. Sai ƙurar hunturu ta zo ta toshe ramukan lagireto. Wasu kuma, domin su ji turbo na huci, sukan cire matatar iska ta asali su sa buɗaɗɗiya a cikin bonet, wadda ke zuƙar iska mai zafi, idan kuma marar inganci ce ta bar ƙura ta riƙa cin fukafukan farfelar.

Na uku baƙin mai. Sandar turbo a kan siririn mai take shawagi. Idan man jabu ne, ko ya tsufa, ko aka kashe mota nan take bayan gudu mai tsawo, man da ya tsaya a cikin turbon yana iya ƙonewa ya daskare ya toshe hanya. Ƙananan injinan turbo masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda suna da wata cutar ta daban: wuta kan tashi kafin fulogi ya kunna, a daidai lokacin da direba ya danne totur a babbar giya injin na juyi a hankali. Bugu ɗaya na irin wannan yana iya fasa fistan. Da aka gano sinadaran cikin baƙin mai na da hannu a ciki, sai aka fito da sabon ma'auni, API SN Plus a 2018, sannan API SP a 2020. Direbobi nawa ne ke duba waɗannan haruffa a jikin galan? A kan wannan kuma a ɗora tsohuwar al'adar gareji ta cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wadda ke rikita lissafin kwamfutar da aka tsara ta yi aiki a wani zafi takamaimai.

Ƙarfin da aka ƙara ba a injin yake tsayawa ba. GTI mai giyar hannu ta yi suna wajen zamewar kuloci da zarar an ƙara mata ƙarfi. Ƙaramar giyar DSG mai hawa bakwai da busasshen kuloci, wadda ke cikin ƙananan motocin Volkswagen da yawa, an tsara ta ne a kan ƙarfin murɗa 250 a ma'aunin Nm, wasu fayilolin kuwa suna haura hakan. Birki da taya su ne aka fi mantawa da su, alhali idan gudu ya ninka, aikin da birki zai yi ninki huɗu ne. Dokar hanya ta tsayar da ƙananan motoci a kilomita 100 a awa a kan tagwayen hanyoyi, kuma hanyoyin nan ana raba su da masu babur da 'yan makaranta da shanu. Sai kuma yayin sa salansa ta riƙa harbi kamar bindiga idan an ɗaga ƙafa. Ana samun wannan ne ta hanyar barin fetur ya ƙone a cikin bututun hayaƙi, wato a kan turbo da matatar hayaƙi. Ko doki ɗaya ba ya ƙarawa, yana cin rayuwar kayan, yana kuma firgita unguwar da ta san ƙarar harbi na gaske.

Duk da haka hana sana'ar ba shi ne mafita ba. Mutum na da ikon yin abin da ya so da motarsa muddin bai cutar da wani ba, kuma akwai motoci masu yawa a duniya da aka ƙara wa ƙarfi daidai gwargwado suka yi shekaru lafiya. Abin da ya raba su da waɗanda suka ƙare a kan bulo shi ne tsarin aiki. Ana fara auna matsin kowace silinda a tabbatar injin lafiyayye ne, domin ƙarin ƙarfi ba ya warkar da tsufa, tona shi yake yi. Ana gyara sanyaya da famfon mai da fulogi da birki kafin a taɓa kwamfuta. Ana rubuta umarnin a kan fetur ɗin da motar za ta sha a zahiri, a gwada ta da rana tsaka a watan zafi, na'ura na naɗar bayanan ƙwanƙwasa da zafin iska da yawan fetur. Ana barin duk matakan kariya na kamfani a kunne. Ana rage tazarar juyen mai. Ana kuma ajiye fayil na asali. Mai gyaran da ya yi alkawarin lamba kafin ya ga motar, ko ya kasa nuna bayanan da ya naɗa, bai cancanci a ba shi makulli ba. Wanda kuma motar ita ce ta kai yara makaranta, ita ce ta zuwa aiki, ba shi da kuɗin sabon injin a ajiye, ya fi masa alheri ya bar ta yadda take.

Saura mutum ɗaya da ba a shawarta ba, shi ne mai saye na gaba. Fistan da ya sha duka ba ya nunawa a fenti. Motar da aka gurza shekara biyu ana iya mayar mata da umarnin asali a wanke ta a kai kasuwa, wani ma'aikaci ya kwashe tarin shekaru ya saya, bayan wata uku ta fara hayaƙi. Wasu ma tun daga ƙasar waje suke zuwa a taɓe, da fayil ɗin fetur mai lamba 98 a cikinsu, dillalin da ya shigo da su bai sani ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan ɓoye aibin haja da haƙƙin mai saye na mayar da ita, kuma aibin da ke cikin kwamfuta bai fita daga wannan hukunci ba. Ƙungiyoyin kanikawa da na dillalan mota suna iya fara abu mai sauƙi tun yanzu: duk motar da aka sauya wa umarni a ba mai ita takarda mai ɗauke da ranar aikin, da kilomitar da motar ke kai, da matsin iskar da aka sa, da irin fetur ɗin da aka yi gwajin da shi, takardar kuma ta bi motar tare da sauran takardunta duk ranar da za ta sauya hannu.